Ranar da Na Tsare Janareta Saboda Kawuna

Shekarun baya akwai abin da ya daɗe yana ƙona min rai a garinmu Ajingi, kuma a kan kawuna ne, yayan mahaifiyata. Tun ina ƙarami nake jin yana cewa shi da abokansa biyu ne suka rubuta wani tsohon wasan kwaikwayo da wani gidan talabijin na Kano ya riƙa nunawa. A wasan, wani jirgi ne ya sauko daga sararin samaniya ya faɗa gonar gyaɗa, wasu halittu masu kai kamar ƙwarya suka fito suna tambayar manoma yadda ake sa ƙasa ta ba da abinci. Duk sa'annin iyayenmu sun san wasan nan. Amma ka ce kawu ne ya rubuta? Sai dariya.

A majalisarsu ta ƙofar masallaci akwai wani maƙwabcinsa mai awon hatsi, bakinsa ba ya shiru. Da ya hango kawu sai ya ce, "A'a, mutumin sama! Yau ma jirgin naku bai sauka ba?" Kawu ya yi murmushi ya nemi wuri ya zauna. Ni kuwa wallahi ba don sa'an ubana ba ne da tuni ya ji baƙar magana.

Ku san dalilin da ya sa ba wanda ya yarda. A wancan zamanin talabijin ɗaya ce a unguwar, da ƙaramin janareta. Da zarar wasa ya ƙare, rubutun sunaye ya fara hawa, sai mai ita ya kashe inji don kada mai ya tafi a banza. Ɗif! Kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi. Har yau haka masu gidan kallonmu suke yi. To a cikin rubutun nan da ba a bari ya hau sunan kawu yake.

Da idanunsa suka fara yana, jiki kuma ya fara sanyi, sai na ce a raina ba zai bar duniya ana kiransa maƙaryaci ba. Na tasa wani abokina mai tura fina-finai a Gaya a gaba. Na yi ta zarya a babur tsakanin Ajingi da Gaya, har matata ta ce ko dai aure nake nema a can, ga gyaɗata a gona tana jiran cira. Abokin nan ya bi ya bi har ya samo tsohon kaset ɗin wasan a hannun wani dattijo a Kano, aka juye mana a filashi. Hoton duk ya dushe, muryoyin suna shaƙewa, amma dai shi ne.

Na shirya da mai gidan kallo a nuna bayan la'asar ranar kasuwa. Na kai masa jarkar fetur da hannuna, na ce, "Don Allah kada ka kashe sai rubutu ya ƙare tas." Ya ce, "An gama, Yallaɓai." Na bi dattawan majalisa ɗaya bayan ɗaya na gayyato su, na goyo kawu a babur na zaunar da shi a bencin gaba.

Aka fara. Kawu ba ya ganin komai sai haske, amma kafin ɗan wasa ya buɗe baki shi ya riga ya faɗi maganar. Mai awon hatsi ya ce, "Haba, ai haddacewa ya yi, ni ma na haddace rabi."

Wasa na ƙarewa jama'a suka miƙe suna neman takalma. Ina waiwayawa sai na ga mai gidan kallo ya nufi janareta, sabo ya ja ƙafarsa, ya manta da alkawari sam. Ban san lokacin da na tsallake benci biyu ba, hulata ta faɗi, na sha gabansa na ware hannuwa kamar mai tare awaki. "Wallahi ba mai taɓa injin nan! Kowa ya koma ya zauna!" Suka tsaya suna kallona, wasu na cewa yaron nan lafiya kuwa?

Sunaye suka fara hawa. 'Yan wasa, masu ɗaukar hoto, masu kwalliya. Can sai ga inda aka sa waɗanda suka rubuta. Na ce a tsayar. Na juya wurin mai awon hatsi na ce, "Baba, idonka ya fi na kawu, karanta mana."

Ya matsa kusa, ya karanta sunan kawu da na mahaifinsa, a hankali. Ni na zaci kawu zai yi tsalle ko ya rama abin da aka daɗe ana masa. Sai kawai ya ce, "Karanta na ƙasa."

Mai awon hatsi ya karanta sunaye biyun. Kawu ya ce, "Na farkon shi ya ƙirƙiro jirgin, da murfin tukunya ya gwada mana. Na biyun duk maganar da ta ba ku dariya tasa ce. Sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya taɓa kiran sunansu a bainar jama'a sai yau. A yi musu fatiha."

Muka ɗaga hannu, ni dai hawaye nake ba kunya. Da aka shafa, mai awon hatsi ya kama hannun kawu ya ce, "Malam, ka yafe min." Kawu ya ce, "Ba komai. Ka ga yau jirgin ya sauka."

Kawu bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar ba na tashi daga kallo sai rubutu ya ƙare, ko na wace ƙasa ne, ko sunayen suna karya min harshe. Yarana su yi ta ƙorafi a canza musu tasha, ni kuwa rimot na hannuna, sai na nemo wanda ya rubuta na kira sunansa da ƙarfi.