Katin Hoton da Ya Ƙi Shiga Raminsa

A shekarar da soja suka miƙa mulki ina haya a unguwar Bagama a Suleja, ciki da falo, ina aiki a wata ma'aikata a Abuja. Kullum da sassafe in bi bas, mu wuce ta gindin Dutsen Zuma a matse kamar kifin gwangwani, in dawo bayan magariba ƙafafuna sun yi tsami. Aikina a ofis bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Amma a unguwa Injiniya ake ce mini. Dalili kuwa, da aka yi gwanjon tsofaffin kwamfutocin ofis na samu ɗaya, na kawo ta gida, na jona wayoyinta a gaban maƙwabta, Allah ya taimake ni ta kama. Daga ranar suna ya bi ni, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ba haka ba ne. Gaskiya ma daɗinsa nake ji.

Wadda ta san kan kwamfutar da gaske ita ce matata. Ta yi kwas ɗin sakatariya a Zariya kafin aurenmu, yatsunta in suna gudu a kan madannai ba ka ganinsu sosai. Ta mai da kusurwar falonmu wurin buga takardu: wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, takardar haya, da aikin kammala karatu na malaman makaranta masu ƙaro ilimi. Idan wata ya raba, albashina ya yi ƙasa, wannan kusurwar ce ke riƙe da tukunyarmu. Kuma tana alfahari da ita ƙwarai, don sana'a ce tata ta kanta, ba oga a kanta, ba bin bas.

Ni kuwa abin da ya haɗa ni da kwamfutar wasa ne. Wani abokin aiki ya ba ni faifan tseren mota, nake ɗan taɓawa ranar Asabar da Lahadi idan ta tashi girki. Motar a namu allon tafiya take tana tirjewa kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa, ta yi gaba kaɗan ta tsaya, kafin hoton ya dawo na riga na daki katanga. Duk da haka ina murna da abina, har ranar da na shiga wani shagon kwamfuta a Wuse na ga wasan nan dai, shi ɗin, yana gudu sumul. Hayaƙi na tashi daga taya, titi na sheƙi, har inuwar motar ana gani. Na tambayi mai shagon sirrin, ya ce katin hoto ne, wani falle da ake soka wa kwamfuta a ciki ya ɗauke mata nauyin zane. Na fito shagon nan ina jin an cuce ni a rayuwa.

Wata huɗu na yi ina zaɓen kati. Akwai masu shimfiɗa tsofaffin mujallun ƙasar waje a bakin titi, na zama babban abokin cinikinsu. A cikin bas, gwiwar wani a haƙarƙarina, ina karanta bambancin mai mega takwas da mai sha shida. Na haddace abubuwan da ban fahimta ba, na riƙa zuba wa 'yan majalisarmu su da yamma har suka fara sauya zance idan sun hango ni. Yau in ce wannan na tsayar, gobe in ga wata mujalla ta kushe shi in fasa. A ƙarshe na tsaya a kan babbansu, mai mega talatin da biyu, wanda har 'yar fanka gare shi ta kansa. Wannan fankar ita ta gama da ni. Na ce abin da aka yi wa fanka don kada ya ji zafi ai ba ƙaramin abu ba ne, alhali fankar ɗakinmu sai an tura ta da sanda take tashi.

Saura yadda zan shawo kan matata. Kwasar adashina ta ofis ta kusa, kuma mun riga mun yi magana za a sauya na'urar fitar da takarda, don tsohuwar tana cin takarda tana ɓata mata aiki. Na zauna na gyara murya, na ce mata na yi bincike, matsalar ba daga nan take ba, kwamfutar ce ba ta da ƙarfin hoto, idan aka sa mata kati aikinta zai ninka sauri. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana.

"Haka ka gani, Maigida?"

"Haka binciken ya nuna."

"To, Allah ya sa alheri."

Na tashi ina yaba wa kaina iya tsara zance.

A kasuwa akwai wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan lantarki, yana zuwa Ikko sari duk wata, kuma ya iya Hausa irin tasa. Na kai masa shafin mujallar da na yago, na nuna masa da yatsa. Ya duba, ya yi fito.

"Oga Injiniya, wannan na babban yara ne fa. Injin naka wane iri? Ka kawo shi, mek a si insaid, in duba ciki. Ramin soka kati kala biyu ne yanzu, akwai fari, akwai sabo mai kalan ƙasa."

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ban taɓa buɗe kwamfutar nan ba. Tsoronta nake ji. Ban san me ke cikinta ba, kuma in na kawo ta shago aka buɗe a gaban mutane aka tambaye ni wani abu, asirina ya tonu. Sai na sha mur.

"Kai dai kawo abin da na ce. Ni zan koya maka aikina, ko kai za ka koya mini?"

"No veks, Oga. Amma in na kawo, babu mayarwa fa. Lagos ba ya karɓan kaya baya."

Sau uku yana maimaita mini zancen ramin nan kafin ya tafi, sau uku ina kore shi da hannu.

Kati ya iso ranar wata Juma'a, cikin kwali mai hoton wani dodon ƙarfe. Na rungume shi zuwa gida kamar jariri. Washegari matata za ta suna a Chaza, ta ce sai bayan la'asar za ta dawo. Kafin ta fita ta nuna mini kwamfutar ta ce in yi hankali, aikin wani malamin sakandare na ciki, shafi kusan ɗari, sati uku tana bugawa, ranar Litinin da safe zai zo karɓa don a ranar ake rufe karɓa a makarantarsu. Na ce haba, da wa take magana.

Tana fita na aika wa abokina bakanike da ke da gareji a Wambai. Ba don ya taimaka na kira shi ba, so nake a samu mai shaida. Ya zo da kayan aikinsa a aljihu kamar kullum, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Shi ya kwance murfin, ni ina tsaye ina ba da umarni. Da cikin kwamfutar ya bayyana sai na leƙa. Ga ramuka nan a jere, farare, da wasu dogaye baƙaƙe. Na duba sama, na duba ƙasa, na haska tocila. Babu mai ruwan ƙasa ko ɗaya.

Na gwada katin a farin rami. Ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. A gindin katin akwai haƙora na ruwan zinare da 'yar tsaga a tsakani, a cikin ramin kuma akwai ɗan tudu, to tsagar da tudun ba su haɗu ba. Mutumin kirki a nan zai mayar da murfi, ya jira matarsa, ya faɗi gaskiya. Ni kuwa abin da ke raina shi ne majalisa, da wata huɗun da na yi ina cika musu baki, da dariyar da mai shagon kasuwa zai yi.

Bakanike ya karɓi katin ya jujjuya shi a haske.

"Mutumina, wannan ai ba matsala ba ce. Kullum haka muke fama. A kawo maka kayan wata mota, ka ɗan ci gefensa, ya zauna daram. Jiya ma na sa wa wata bas burkin da ba nata ba, tana Kaduna yanzu haka. Turawa ne dai da son wahalar da mutane."

"Kana ganin zai yi?"

"Kai ne Injiniya. Ni dai a ƙarfe ban taɓa ganin abin da ya gagari zarto ba."

Da ya ce ni ne Injiniya, sai na ji ba ni da hanyar ja da baya. Na gyaɗa kai kamar wanda ya auna lamarin ta kowace fuska, na ce a ci gefen, amma a hankali.

Har yau ina jin ƙarar zarton nan. Ya cire ƙarfen bayan katin, ya dafe katin a kan gwiwarsa, ya yi masa sabuwar tsaga, garin kore-kore na zuba a kan tabarmar matata. Ya hure, ya gwada, ya ƙara ci kaɗan. Aiki mai tsabta ya yi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. A karo na uku ya danna da babban yatsa, kati ya shige, ya zauna a ɗan karkace. Muka tafa. Na yi bisimilla na danna makunni.

'Yar fankar ta juya. Wallahi ta juya, na gan ta da idona, kuma a wannan ɗan lokacin babu wanda ya kai ni farin ciki a duk Suleja. Sai wani ɗan sauti, ɗas, sai siririn hayaƙi, sai warin ƙonannen roba ya cika falon. Allon bai ko ƙyafta ba. Muka zare katin, muka mayar da komai yadda yake, muka kunna. Shiru. Bakanike ya shinshina, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, kuma ya tuna akwai mai mota da ke jiransa.

Bayan la'asar matata ta dawo da 'yar robar cincin a hannu. Tun daga ƙofa ta tsaya, don warin bai fita ba duk da na buɗe tagogi. Ta ajiye mayafi, ta durƙusa gaban kwamfutar, ta zare murfin cikin sauƙin da ya nuna mini ba yau ta fara ba. Ta duba ciki, ta ɗauki katin ta ga inda zarto ya ci. Na fara bayani a kan wutar lantarki da rashin ingancin kayan zamani, ta ɗaga mini hannu.

"Duk wata nake buɗe ta ina share ta," in ji ta. "Na san ba ta da sabon rami. Da ka nuna mini hoton abin da za ka saya, da na faɗa maka tun ranar."

Ta ajiye katin a kan tabarma, ta ci gaba.

"Kuma na san ba don aikina ba ne. Rubutu ba ya bukatar wannan. Na ga kana dawowa a gajiye, ba ka dariya sai kana tuƙa motar nan, na ce bari in bar ka ka samu abin da kake so. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ba zan iya tambayarta ba saboda ƙarya na yi mata, kuma saboda a gidan ni ne ake kira da sunan masani. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi muka ɗauki kwamfutar zuwa wurin mai gyara na gaske. Ya ce babban allon ciki ya ƙone, wutar kuma ta taɓa ma'ajiyar da aikin yake. Ko za a iya ceto wani abu, sai an kai Ikko, sai kuma an yi sati biyu. Matata ta tambaye shi sau biyu ko babu wata dabara kafin gobe, ya girgiza kai.

Litinin na makara da gangan, wai in tsaya in fuskanci malamin in faɗa masa ni na yi ɓarnar. Har na shirya kalaman a raina. Da ya yi sallama ina uwar ɗaka ina ɗaura takalmi, matata ta fita ta same shi a falo. Ina ji ta gaishe shi, ta miƙa masa rubutunsa na hannu, ta ce ya yi haƙuri, aikin ya lalace.

"Ya lalace kamar yaya? Yau ne fa ranar ƙarshe!"

"Laifina ne, Malam. Na fita na bar kwamfutar a kunne, wuta ta dawo da ƙarfi."

Ya yi faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. Ya ce shekara guda za ta iya ja masa, ya ce shi ya kawo mata abokan aikinsa har uku kuma zai gaya musu su nemi wani wuri. Ta yi ta ba shi haƙuri. Da zai fita ya ƙara da cewa wannan sakaci ne, tana da miji wanda ya san kan na'ura, ta riƙa bari yana kula mata da ita.

Ta ce, "To, Malam, in Allah ya yarda."

Tsakanina da su labule ne kawai. Takalmina a ɗaure, kalamaina a shirye, ina tsaye ina jin komai, kuma ban fito ba.