Bahar Ɗin da Habboba Take Nufi

Baffa Jaji wan mahaifina ne, kuma a unguwarmu ta Bani Malik babu wanda bai san motarsa ba. Tsohuwar bas ce fara, irin ta kwasar ma'aikata. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katako da katifu, ya ɗora tankin ruwa a sama, ya ɗaura rumfa a gefe wadda ake warewa idan an tsaya. Mutanen Jidda suna ce wa irinta karafan. Shi kuwa Amarya yake ce mata, ko da yake ta girmi ƙanena Mus'ab.

A Mayirno ta Sudan aka haife shi, a bakin kogin Nilu. Ya zo Jidda yana saurayi, ya yi ta jan tirela a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi. Kafilinsa Abu Nayef, wanda takardun zamansa ke hannunsa, ya ce ya huta. Baffa bai iya hutu ba. Ya dinga zarya gidan mutumin har ya yarda aka sayi bas ɗin, takardu da sunan Abu Nayef, guduma da ƙusa a hannun Baffa.

Da ita yake fita da mutane kashta, wato kwanan bayan gari da ake yi idan sanyi ya shigo. Masu hali suna da nasu karafan mai firji da talabijin. Baffa na marasa hali ne: direbobi, masu gadin shago, 'yan Najeriya masu aikin asibiti da ke tura albashinsu gida. Ka zo da bargonka da tukunyarka, shi ya kawo mota da tanti da gawayi da surutu.

"Otal mai tauraro biyar?" haka yake ce musu. "Ni nawa taurarin ba sa ƙirguwa. Ɗaga kai kawai, ya sheikh."

Ya san bakin teku tun daga Abhur har Suwal, ya san inda iska ke kifar da tanti da inda sauro ke taro. Ban taɓa jin ya ce bai san hanya ba. Ko ya ɓata, cewa yake yana nuna wa mutane gari.

Da yaƙin Sudan ya matso yankinsu, sai ya yi wa mahaifiyarsa bizar ziyara ta zo. Nana Khadija sunanta, mu jikoki Habboba muke ce mata. A gidanmu ta sauka, domin mahaifinmu ya rasu, Baffa kuma ɗaki ɗaya gare shi, rabin mako yana kan hanya. Ummanmu Asma'u haifaffiyar unguwar Balad ce a nan Jidda, ba ta taɓa taka Sudan ba, amma ta riƙe surukarta hannu biyu.

Habboba ba ta yi ƙorafin komai ba. Abinci dai ta rage, ta ƙara ragewa, har ya zama shayi kaɗai ke shiga cikinta. Ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye bayan ƙofa. Lokacin sabunta ziyararta ya matso, ta ce kada a sabunta, gida za ta koma. Muka ce Habboba ana harbi. Ta ce an sha yi. Abu ɗaya take maimaitawa idan ta zauna gaban taga tana kallon bangon maƙwabta:

"Ku kai ni bahar."

Mus'ab, wanda Hausarsa ta fi ƙarfi a kunne fiye da a baki, ya ce, "Basita, ya Habboba!" Wato abu mai sauƙi. Ya kira tasi muka kai ta kurnish, titin shan iska na bakin teku. Ta leƙa ta taga, ta ga fitilu da masu gudun motsa jiki da ruwa can bayan ƙarfe, ta ce a juya. Umma ta ce to jirgin ruwa take nufi, wanda zai mai da ita. Hankalin kowa ya tashi.

Baffa ya dawo daga kai wasu ma'aikatan jinya kashta, muka gaya masa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kurnish? Kun kai tsohuwa kurnish ta kalli masu gajeren wando? Bahar ai taɓa shi ake yi. Ku bar ni da uwata. Juma'a bayan masallaci, kowa ya fito da bargonsa."

Ya wanke Amarya, ya sa wa Habboba matashi biyu a kujerar gaba. Muka miƙi hanyar arewa har wani lungu da ya sani, babu kowa sai yashi da ruwa kwance shuɗi. Ya ware rumfa, ya shimfiɗa darduma, ya buɗe hannuwa kamar shi ya haƙa wurin.

"Inna, ga bahar. Naki ne duka, ba mai karɓar ko sisi."

Habboba ta sauko da sandarta. Na riƙe ta muka taka har ruwa ya taɓa ƙafarta. La'asar ta yi, sai ta tsuguna za ta yi alwala. Ta wanke hannu, ta kamfaci ruwa ta kai baki. Ta tofar da shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Baffa ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa. Ta juya ta nuna shi da sanda.

"Kai wannan! Zo nan. Mene ne wannan?"

"Bahar, Inna."

"Malih ne! Ruwan gishiri! Yaran nan a nan aka haife su, ban ga laifinsu ba. Kai fa? A wane ruwa na wanke ka? Wane ruwa ka sha ka yi wannan ƙaton kan?"

A ranar na san cewa a Mayirno kogi ake ce wa bahar. Ruwan daɗi mai tafiya, wanda ake sha, a yi wanki, a ba awaki. Teku kuwa malih suke ce masa, mai gishiri, ba sa ma haɗa su a suna. Mu a Jidda bahar ɗaya muka sani. Baffa ya san biyun, amma shekarun da ya yi yana kallon jiragen kaya sun sa kalmar ta yi gishiri a bakinsa bai lura ba.

Ya cire hula ya sosa kai. Mus'ab ya matso ya ce a hankali, "Ya Baffa, yanzu ma gari kake nuna mana?"

"Rufe min baki, ɗan kurnish." Ya mai da hularsa. "Halas. A naɗe rumfa. Inna, ki yi sallarki da ruwan tanki. Gobe da hantsi zan kai ki ruwan daɗi, in ban kai ki ba ki sayar da Amarya."

"Wa zai sayi wannan gwangwanin?" in ji Habboba.

Muka kwana a can. Da gari ya waye ya juya mota gabas, muka bar teku a baya muka shiga duwatsu. Akwai wata madatsar ruwa a wani kwari da ya taɓa kai wasu Sudanawa, ruwan sama ya taru a bayanta ya zama tafki. Hanyar duk tsakuwa ce, tukwane suna ta kaɗe-kaɗe a baya, Baffa yana lallashin motar kamar mai lallashin jaki. Da muka hau wani tudu sai ga shi a ƙasa: ruwa mai launin ƙasa, ciyawa a baki, bishiyoyin ƙaya, wani makiyayi da awakinsa.

Wannan karon ba ta jira na riƙe ta ba. Ta tsuguna, ta kamfata, ta ɗanɗana da bakin harshe. Ta daɗe a haka. Sannan ta wanke fuska, ta shafa a wuya, ta zauna ta miƙe ƙafafu cikin laka kamar yarinya.

Baffa ya tsaya a bayanta, hannu a ƙugu. "To, Inna? Bahar ko ba bahar ba?"

"Ba ya tafiya," ta ce. "Bahar tafiya yake. Wannan an ɗaure shi."

"Inna, ƙasar ce ba ta da kogi. Ko sarki ne ya ce in kai shi, nan zan kawo shi."

Ta kalli awakin suna sha. Can ta ce, "Amma ruwa ne. Yana warin gida."

Umma ta hura gawayi ta ɗumama kisra, gurasar dawa ta Sudan, da miyar kuɓewa da muka taho da su. Ba wanda ya ce wa Habboba ta ci, duk mun gaji da faɗa. Ita ce ta waiwayo ta ce, "Asma'u, wannan ƙamshin na makiyayi ne ko da mu?" Umma ta kai mata kwano har bakin ruwa. Ta cinye, ta ce miyar ta so gishiri, Mus'ab ya ce ai jiya ta sha na mako guda, ta kai masa sanda ya kauce.

Da za mu tashi ta kira Baffa.

"Kai wannan. Sau nawa gwangwaninka ke zuwa nan?"

"Duk sanda kika ce."

"Duk Juma'ar da ba ka da baƙi. In kana da baƙi ma, kujerar gaba tawa ce, su zauna baya da tukwane." Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Takardar nan taku ta zama, ku sabunta. Zan jira a nan har hanya ta yi kyau."