Ranar da na rufe wa Yaya Ila baki

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Ila, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da tarihi a wata sakandare a Daura. Duk shekara ina sauke masa Alƙur'ani, amma akwai abin da na yi masa wanda na daɗe ina ɓoyewa.

Ba da jimawa da ƙaddamar da Shari'a ba, rikici ya taso tsakanin ƙauyenmu, a yankin Sandamu, da mutanen tsallaken rafi, kan wani fili da suka nome a kan iyaka. Ni ne shugaban matasa lokacin, jinina na tafasa, na kawo shawarar a hana su cin kasuwarmu. Aka taru ƙofar gidan mai gari, Yaya ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya nemi izinin magana.

Ya ce a ƙasar Girka ta dā, birnin Atina ya hana wani ƙaramin gari maƙwabcinsa shiga kasuwanninsa, kan zargin noma a filin da ba nasu ba. Mutanen garin suka kai kuka Sparta, babban birnin da ke tsoron ƙarfin Atina dama. Daga nan manya suka shigo, aka kusa shekara talatin ana yaƙi. "Ku bar su su sayar da wakensu," in ji shi. "Wanda ka hana abinci, mai goyon baya zai nemo."

Na miƙe tsaye na ce, "Haba Yaya, muna zancen Musulmi kana kawo mana tatsuniyar masu bautar gumaka? A zamanin Shari'a?" Aka kwashe da dariya. Ya dube ni ya ce, "To Sale, Allah ya kyauta," ya tashi babur ɗinsa. Bai sake buɗe baki a taron gari ba har ya koma ga Allah.

Mun hana su kasuwar. Suka nemo ɗan siyasarsu, muka nemo namu. Kafin damina ta faɗi an ƙone rumbuna, an kwantar da mutum biyu a asibiti. Suka buɗe tasu kasuwar rana ɗaya da tamu, tamu ta mutu. Da Yaya zai ga yadda yanzu ake raba makiyaya da manoma a kasuwanni, na san abin da zai ce, ban dai sani ba ko za a bar shi ya ƙarasa.

Ban nemi gafararsa ba, girman kai ya hana ni. Abin da ya fi ba ni kunya kuma shi ne, yau ina cikin dattawan da ake kira sulhu, sau uku ina ba da labarin Atina ana jinjina kai, ana cewa Alhaji Sale akwai basira, ni kuwa ina karɓar yabon. To jama'a, labarin ba nawa ba ne, na Malam Ila ne. Duk wanda ya ji shi a bakina har ya fasa faɗa, shi zai yi wa addu'a.