Shekara Takwas da Baba Direba Ya Zaftare

Baba Direba bas ɗin ma'aikatan wata masaƙa yake ja, kuma idonsa ne jarinsa. Yakan hango rami tun fasinja ba su ga kwanar ba.

Lokacin da ya nemi aikin, an ce ba a ɗaukar wanda ya haura talatin da biyar. Sai ya je ya yi sabuwar takardar haihuwa, ya zaftare shekara takwas cur. Wa bai yi ba? Matarsa har tsokanarsa take, wai ta auri babba ta wayi gari da ƙane.

Ana nan sai gwamnati da wani kamfanin magunguna suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗakin awo a asibitin unguwa. Awon hawan jini, awon suga, duba ido, maganin wata-wata, duk kyauta ga wanda ya cika sittin, don a tare ciwo tun bai kama jiki ba. Shi kuwa a gaskiya yana da sittin da ɗaya. Ƙishirwa ta addabe shi, fitsari har sai ya tsayar da bas a hanya.

Ya je ya zauna a benci tun safe. Ma'aikaciyar rajista ta duba katinsa ta ce hamsin da uku ta gani. Ya cire hula ya nuna mata furfura.

"Baba, kwamfuta ba ta ganin furfura," in ji ta.

To, in ya gyara takarda masaƙa za ta sallame shi ranar, ga yara a makaranta. Asibitin kuɗi kuwa ya fi ƙarfin albashinsa. Bawan Allah ya mayar da hularsa, ya ce wa matarsa ai gajiya ce kawai.

A shekara ta biyar bayan haka, gani ya fara yi masa dishi-dishi. Ran nan ya daki ginshiƙin get ɗin da ya yi shekaru yana shiga, aka karɓe makulli. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Babbar 'yarsa ta shiga yawon ofis-ofis neman gyara, yau a dawo gobe, har takardar ta cika sittin da kanta.

Ita ta riƙo hannunsa zuwa bencin nan. Likita ta haska masa tocila a ido, bai ko ƙifta ba. Ta ce suga ya gama da jijiyoyin, da a baya ne da an tare.

"Baba, ina ka shige tuntuni?"

"Jira nake in tsufa, likita."