Gwangwanaye Bisa Rumbu

Abin da na tsira da shi daga lakwal, wato makarantar boko, bai wuce zane guda ba. Mushenmu, malamin ajinmu, ya yi shi bisa allo kafin a kore ni: kibiya mai nuna inda iska ke fitowa, da ƴan kofuna masu juyawa gwargwadon ƙarfinta.

Ban haɗa nawa ba sai shekarar da ɗana na fari ya tafi Abijan. A tashar Filinge ya ce mini, "Baba, da iska ta juya za ka gan ni, tare za mu yi shuka." Kowane ɗan Kurfai ya san zancen. Duk rani iska daga gabas take, busasshiya. In ta koma fitowa daga kudu maso yamma, damina ta matso, ƴan cin rani sai ɗaurin kaya.

Na yanka gwangwanayen tumatir, na soke su da wayar ƙafar keke, na yi wa kibiya wutsiya da langa-langa, na kafa bisa rumbu. In iska na tafiyar tsohuwa sai ka ji ƙwal, ƙwal. In ta yi ƙarfi, kuka suke kamar an taka kare.

Babbar gonar da ubanmu ya bar mini ta fi ƙarfin mutum guda mai ciwon baya. Ƙanena na da samari cike da gida, yana son aro. Aron gona kuwa a wajenmu, wanda ya shuka bana shi ke shuka baɗi, har ɗiyansa su tashi suna cewa ta ubansu ce. Na ce masa ya jira iska ta juya. In ta juya yaro bai zo ba, ya ɗauka.

Kullum sai ya biyo ta ƙofata, ya ɗaga kai.

"Yaya, mi injin naka ya ce yau?"

"Ya ce ka tafi gida."

"To tambaye shi ko mota ta taso daga Abijan."

Da rana nakan kwanta gindin gawo, gwangwanaye na ƙwal-ƙwal, barci na fizgata. An ce iskar damina daga teku take tasowa. Ban taɓa ganin teku ba, amma a kwancen nan ina ganinta tana tashi bisa ruwa, ta shiga lungunan birnin, ta iske yarona da tallan takalma a ka, ta ɗaga masa riga. Ta ratsa kurmi, ta tsallake kogi, ta biyo ta Bankuku tana kaɗa giginya. Sai in ce a raina, iskar da ke ɗauko ruwan sama daga can, ai ba ta kasa turo yaro guda.

Da bazara ta yi nisa kibiya ta fara wasa. Da safe ta dubi kudu, kafin azahar ta koma gabas. Na riƙe wannan da hannu biyu. "Ba ta zauna ba tukuna," nake ce wa ƙanena. Ɗiyan mutane sunka riƙa sauka daga motoci da katifu da rediyo. Na kira nawa a salula, ya ce, "Baba, rezo ba kyau, ba ni jin ka," alhali ina jin har numfashinsa.

Wata safiya ta zauna. Kibiya ta kafe kudu maso yamma har la'asar, gwangwanaye na juyawa a hankali ba tsayawa. Iskar na da laushi, da ƙamshin ƙasar da anka yi wa ruwa can wani wuri mai nisa. Na daɗe tsaye ina shaƙa.

Ƙanena ya zo. Ran nan bai yi ba'a ba. Ya dubi rumbu, ya dubi ƙasa, ya tambaye ni ciwon baya.

"Baya na nan," na ce. "Tafi ka shuka. Amma kada a taɓa mini gawon tsakiyar gona."

"Allah shi bar girma, Yaya."

Da gari ya waye na ji samarinsa sun wuce ta bayan danga da sunguma a kafaɗa, suna dariya. Na ɗauki nawa, uwar yaron ta biyo ni da ƙwaryar iri, munka nufi ƴar gonar bayan gida.