Arhar Nama a Dakoro

Ladan bai rufe baki ba muka bar Maradi a saman kamiyon wani Balarabe, zan je Dakoro sayen fatu. Karo na farko ke nan da na hau mota, ina ta hura hanci kamar ni na ƙera ta. Kafin Sabon Maci yashi ya riƙe mu, shofer, wato direba, ya ce kowa ya sauko ya tura, har da masu rawani. Duk da haka tafiyar da muke kwanaki muna yi da dabbobi, rana ba ta faɗi ba muka iso.

Abin da na fara gani ya ɗaure mini kai. Samari majiya ƙarfi zube a gindin itace kusa da barikin kumandan, ba mai ko igiya a hannu. Na san da yawansu, 'yan jigila ne, su ke kai mana kaya Maradi a kan takarkarai, wato shanun ɗaukar kaya. Ga nama kuma ya yi arha a kasuwa, abin har ya ba ni tsoro. Balangun 'yan kuɗi tamma biyu ya ƙosar da ni da abokan tafiyata biyu, har muna tsokanar mahauci ko sadaka yake yi.

Ina cikin lasar yatsa sai ga Idi, ɗan ƙanwata, wanda duk shekara takarkarinsa ke ɗaukar fatuna. Da sa ɗin nan yake ciyar da uwarsa. Na tambaye shi ina Ɓaleri, don haka muke kiran san.

Ya dubi takardar naman da ke gabana ya ce, "Shi na kuka ci, Kawu. Tunda mota ta shigo ba wanda ya ba ni kaya. Mi zan ba shi, mi zan ba Inna?"

Na ture takardar naman gefe. Ga kuma fatun da na saya can ana loda su a motar.

Da za mu dawo, samari sun cika saman kaya, za su Kano neman abin yi. Idi na cikinsu, uwarsa ta tsaya a bakin hanya tana kallon motar. Na iso gida lafiya, amma na koyi abu guda: in ka ga nama ya yi arha, tambayi wanda ya sayar da dabbar.