Farata a Kan Dutse

Ku sababbin direbobi kuna yi mini dariya idan na tsuguna ina shafa kowace taya kafin a ɗaura ta. To ku saurara. Akwai wata Talata a cikin watan Agusta da har gobe ba ta fita raina ba.

Lokacin ina tuƙa motar daji ta wani shirin noma, muna kai wa manoma taki a ƙauyukan Bagwai. Ƙa'idar aiki ita ce, kafin damina ta yi nisa jami'in kula da motoci ya rubuta takardar izini, direba ya shiga Kano ya zaɓo taya. Namu jami'in, Alhaji Garba, ya ce mini, "Sale, ka samo masu zurfin zane saboda laka. Kada ka kwaso mini tarkace."

A kasuwa mai taya ya nuna mini iri biyu, duk 'yan Beljiyam, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai, kuma na lokacin sanyinsu ne. Wasu roba ce zalla, wasu kuma an dasa musu ƙananan ƙusoshi birjik. Ya ce, "Direba, masu ƙusar nan na ƙanƙara ne. Ina ka ga ƙanƙara a hanyar Bagwai? Ɗauki marasa ƙusa, ko ka bari in cire maka." Ni kuwa da taurin kaina na ce abin da ya riƙe ƙanƙara ai laka wasa ce a wurinsa. Na sa aka ɗaura huɗu, ban gaya wa Alhaji Garba ba. A laka ba su tsinana mini komai ba. Sai dai a wuri mai tauri ka ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar kare na biye da kai.

Akwai wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar da na fara kai musu taki ruwa ya cinye hanya, sai na zaga ta baya, na bi ta kan wani shimfiɗaɗɗen dutse da ke tsakanin maƙabarta da gidan ƙarshe na ƙauyen. Kowa na gona, hadari ya haɗo. Na sauke kaya na fita ta nan, ruwa ya kece a bayana.

Talatar da ta zagayo na koma ta babbar hanya. Rana tsaka ce, amma garin tsit. Ba ƙarar daka, ba yaro ko ɗaya a waje, ko akuya ban gani ba. Can na hango maza sun yi cirko-cirko a bakin dutsen. Mai unguwa ya kamo hannuna ya ce, "Zo ka duba. Kai mai yawo ne, ko ka taɓa ganin irin wannan?"

Karce ne farare tas, ba su ƙirguwa, sun taso daga gefen maƙabarta sun nufi ƙofar gidan nan. Wallahi sai na shiga karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Ban kawo motata a raina ba ko kaɗan, don roba ba ta barin sawu a dutse, wanda na bari a ƙasa kuma ruwa ya shafe.

Gidan na Baba Audu ne, tsohon maharbi, ba mata ba ɗa. A makon nan wata jaririya ta rasu, sai aka ce shi ne yake rikiɗa kura, ga faratansa nan a dutse. Liman ya yi ta cewa a ji tsoron Allah, ba wanda ya saurare shi. Matasa sun ba tsohon wa'adi zuwa la'asar ya bar garin. Yana zaune a ƙofarsa da ƙullin kaya a cinya, ba ya kallon kowa.

Sai aka kira wata mata ta maimaita abin da ta ji ranar hadarin. Daga bayan danga ta ce, "Ina kwance ba lafiya na ji shi ya wuce, ya kuma dawo. Ƙas-ƙas-ƙas."

Na san ƙarar nan, kullum da ita nake yini. Na kuma san idan na buɗe baki maganar taya za ta kai kunnen Alhaji Garba. Na yi shiru, kuma shirun nan har yau ina jin kunyarsa. Sai da na ga Baba Audu ya dafa bango ya miƙe da ƙullinsa, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni hanya."

Na kawo motar na hau dutsen, na taka birki, na sake ja. Sababbin karce suka kwanta kusa da tsofaffin, iri ɗaya sak. Mutane suka durƙusa suna shafa dutse, suna shafa taya. Sai suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ji wanda ya ce wa tsohon ya yi haƙuri ba.

Shi ne ya matso ya ce, "Ɗana, ciro mini ƙusa ɗaya."

Na ce, "Baba, me za ka yi da ita?"

Ya ce, "Kai za ka tafi da motarka. Ni ne zan zauna da su."

Da na koma ofis na faɗi gaskiya. Aka ba ni takardar gargaɗi, na yi yini biyu da filaya ina zare ƙusoshi.

Bayan damina biyu Baba Audu ya rasu. Liman ne ya gaya mini, ya ce da za a yi masa wanka sun sami ƙusar a aljihunsa, ƙulle a tsumma. Ya ce duk wanda ya kalli tsohon a kaikaice, ko ya janye yaro daga hanyarsa, ciro ta yake ya nuna masa.

Shi ya sa nake ce muku ku saya wa mota tayar ƙasar da za ta taka, ku kuma ji maganar wanda ya fi ku sanin kaya. Mu direbobi wucewa muke yi, amma akwai masu kwana a inda muka bar sawu. Ni na zaɓi taya a cikin minti goma, wani bawan Allah ya yi shekara biyu yana kare kansa da ƙusa ɗaya.